Abdul Karim Bajamushe, matafiyin da ya kwafi zanen duwatsun Fazzan

Duk wanda ya taɓa hawa motar kaya daga Sabha ya nufi Ubari ko Gat, ya san dogon dutsen nan baƙi da ke raka hanya ta hannun hagu, ga kuma tulin rairayi ta hannun dama. Mesak ake ce wa dutsen. Direbobi na wuce shi ba tare da sun waiwaya ba, domin a ido babu komai a kansa sai baƙin tsakuwa da zafin rana. Amma a bayansa akwai kwaruruka da dama waɗanda bangayensu ke cike da sassaƙen mutanen da: shanu, giwaye, raƙuman dawa, jiminai, har da kada. Dubban zane ne a fili, babu rufi babu ƙofa babu mai gadi. Mutumin da za mu ba da tarihinsa a yau yana cikin Turawan farko da suka tsaya gaban waɗannan duwatsu suka kwafe su a takarda, kuma shi ne dai ya bar mana lissafin kasuwar Kano mafi cika da aka rubuta a zamanin fatake. Sunansa na yanka Heinrich Barth, amma daga Turabulus har Tambutu da Abdul Karim aka san shi.

An haife shi a birnin Hambug na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da ya taso ba shi da komai, ya tara abin hannunsa da guminsa, sannan ya zuba shi a karatun ɗansa. Yaron ya tashi ba mai yawan abokai ba, ga shi da taurin kai, ga son harsuna. A jami'ar Barlin ya yi digirinsa na dakta a 1844, kuma abin da ya yi rubutu a kai shi ne cinikin wani tsohon birnin Girka mai suna Korinti. Wato tun daga farko idonsa na kan kasuwa: me ake kawowa, me ake fitarwa, nawa ake saye. Daga 1845 zuwa 1847 ya zaga gaɓar tekun Bahar Rum, ya bi ta Tunis da Turabulus ya nufi Masar. A kan iyakar Libiya da Masar 'yan fashi suka tare shi, suka harbe shi a ƙafa, suka kwashe kayansa har da yawancin takardunsa. Wani da ya koma gida ya zauna ke nan. Shi kuwa sai abin ya zame masa makaranta.

A 1849 gwamnatin Ingila ta shirya aika tawaga ta ratsa Sahara zuwa ƙasashen baƙar fata, ƙarƙashin wani Bature mai suna James Richardson. Manufarsu a bayyane take, wato su ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, su kuma leƙo yadda cinikin bayi ke gudana domin a san ta inda za a toshe shi. Aka haɗa shi da Jamusawa biyu, Barth da wani masanin duwatsu mai suna Adolf Overweg. Sun bar Turabulus a ƙarshen watan Maris na 1850, kuma cikin kayansu har da jirgin ruwa da aka rarraba gida-gida aka ɗora wa raƙuma, wai za a harhaɗa shi a Tafkin Chadi. Kowa ya san abin da madugu zai ce in aka kawo masa irin wannan kaya. Duk da haka jirgin ya isa, ya kuma hau ruwa.

Sun ratsa hamadar nan mai jan dutse, suka sauko Wadi Shati, suka bi ta Jarma, suka shiga Murzuk a farkon watan Mayu. A wancan zamani Murzuk ce hedikwatar Fazzan a hannun Turkawa, nan ayarin Barno da na Hausa ke sauka, Sabha kuwa zango ce kawai a kan hanyar gabas. Sun yi fiye da wata guda a can suna jiran Buzayen da za su yi musu rakiya zuwa Gat. Cikin barorin da suka bi Barth akwai wani mutumin Gatrun, Muhammadu Algatruni, wanda ya zame masa amintacce a kusan dukkan tafiyar. A riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Ranar Asabar 6 ga Yuli, 1850, ayarin ya sauka a wani kwari da ke cikin Mesak, wanda Barth ya rubuta sunansa Telisage, a yau kuma ake ce masa Tilizagen. Wuri ne mai tsayayyun bangayen dutse, da 'yan itatuwan ƙaya, da ɗan tafkin ruwan sama da ya rage. Ba a gama kafa tanti ba sai suka lura jikin duwatsun duk sassaƙe ne. Ya ɗauko takarda da fensir ya zauna. Ya kamata a sani cewa babu na'urar ɗaukar hoto a hannunsa, saboda haka duk abin da yake so duniya ta gani sai ya zana shi da hannu, layi bayan layi, a cikin zafin watan Yuli na Fazzan.

Na farko da ya kwafa shi ne wanda ya fi ba shi mamaki. Siffofi biyu ne masu jikin mutum da kan dabba, suna fuskantar juna kamar masu faɗa, ɗaya riƙe da baka, ga kuma wata 'yar dabba mai ƙaho a tsakaninsu. Na biyu babban falalen dutse ne ɗauke da garken shanu, kowace da irin tsayuwarta, duk sun doshi wuri guda kamar masu zuwa mashaya. Akwai kuma wani sa da ke kamar zai tsallaka ta cikin zobe. Abin da ya burge shi shi ne zurfin layin da ƙwarewar hannun. Wannan ba karce-karcen makiyayi mai kashe lokaci ba ne, aikin gwani ne da ya san ƙirar saniya tun daga ƙaho har kofato. A gefe kuma ga rubutun Tifinag na Buzaye birjik, amma da gani an san na baya-bayan nan ne, bai yi zurfin na farkon ba.

Daga nan sai ɗan kasuwar da ke cikinsa ya farka. Ya duba ya sake dubawa, bai ga raƙumi ko guda a cikin tsofaffin sassaƙen ba. Sai ya ce a ransa, ashe akwai zamanin da babu raƙumi a wannan ƙasa, sa ne ke ɗaukar kaya, kuma in har garken shanu zai rayu a nan to lalle ƙasar ta fi haka ruwa da ciyawa. Wannan hasashe na yini guda, binciken da aka yi daga baya ya gaskata shi. A yau masana sun tabbatar Sahara ta taɓa zama kore shar, da tafkuna da koguna, kafin ta fara bushewa kimanin shekara 5,000 da suka wuce, raƙumi kuwa bai yaɗu a cikinta ba sai wajen shekara 2,000 baya. A 2012 ma an bayyana cewa an gano maiƙon nono a jikin tsofaffin kasake a Takarkori, cikin duwatsun Akakus, abin da ke nuna ana tatsar shanu a Fazzan tun kimanin shekara 7,000. Inda ya yi kuskure shi ne da ya jingina siffa mai bakan nan ga gumakan Garamantawa, mutanen da suka yi mulki a Jarma suka haƙa magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa. Sassaƙen sun girme su nesa ba kusa ba. Ya so ya ƙara kwana ya bincike sauran kwaruruka, amma ayari ba ya jiran mai zane. Washegari aka ɗaura kaya.

Daɗin da ya ji a Tilizagen shi ya kusa halaka shi bayan kwana tara. Kusa da Gat akwai wani dutse mai suna Idinen, wanda kansa ke kama da rusasshiyar ganuwa, Buzaye kuwa na ce masa fadar aljannu, ba sa kusantarsa. Barth ya sa wa ransa cewa tsohon wurin bauta ne, kuma ba zai rasa sassaƙe ko rubutu a samansa ba. Masu rakiya suka hana shi, suka ƙi ba shi ɗan jagora ko da kuɗi. Ranar Litinin 15 ga Yuli da sassafe ya saɓa 'yar salka, ya ɗauki busasshen biskit da dabino, ya kama hanya shi kaɗai. Dutsen da ake gani kamar a miƙa hannu a taɓa ashe tafiya ce mai nisa, ga wani zurfin kwazazzabo a tsakani. Ya kai ƙololuwa a galabaice, ya duba ko'ina, babu zane babu rubutu, sai duwatsu kawai. A saukowa ya shanye ruwansa, hanya kuma ta ɓace masa.

Ya harba bindiga ba a amsa ba. Da dare ya hango wutar zangonsu can nesa, amma ko miƙewa ba ya iyawa. Ya kwana ƙarƙashin wata busasshiyar bishiya marar ganye. Da rana ta take washegari, ƙishirwa ta kai shi ga tsaga jikinsa yana tsotsar jininsa, daga nan hankalinsa ya gushe. Sai da yamma ya ji kukan raƙumi, ashe wani Buzu ne mai suna Musa ya biyo sawunsa. Musa bai ba shi ruwa nan take ba, sai da ya fara jiƙa masa kai tukuna, kamar yadda duk wanda ya san hamada ke yi. Masu karatunmu da ke bin hanyar Dirku da Tumo ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan dare. Su kuwa Buzaye, ba su yi shakka ba cewa masu dutsen ne suka karɓi baƙuncinsa.

Daga Gat suka nufi Abzin, inda a bakin iyaka aka tsare su aka tatse su, sai da suka ba da kaso mai tsoka na kayansu kafin a bar su da ransu. A wannan tsakanin ne ya duƙufa koyon Hausa, domin ya tarar Kel Owi na jin ta kamar harshensu, kuma ita ce harshen ciniki tun daga nan har kudu. A watan Oktoba ya je Agadas ya ga naɗin Sarkin Abzin Abdulƙadiri. Sannan suka biyo ayarin gishirin Bilma zuwa Damargu, inda a watan Janairun 1851 Turawan uku suka rabu da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Richardson bai cika alkawarin ba, zazzaɓi ya kashe shi a Ngurutuwa a watan Maris.

Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina, inda Sarki Muhammadu Bello ya riƙe shi kwanaki sai da aka daidaita a kan kyauta. Ya tarar da birni mai faɗin ganuwa amma yawancinsa kufai, ciniki ya koma Kano tun bayan jihadi. Duk da ɓacin ran da ya kwasa a can, ya shaida cewa Hausar Katsina ta fi kowace daɗi da cika. Kanawa sai su yi haƙuri, ba mu muka faɗa ba.

Ranar 2 ga Fabrairu, 1851 ya shiga Kano, a zamanin Sarki Usman. Ya shiga ne da bashi a wuya, da zazzaɓi a jiki, ga kayan da aka ɗora masa tun daga Murzuk sun ƙi sayuwa da daraja. An sauke shi a unguwar Dala, ya hau dutsen ya zana birnin daga sama, zanen da har yau ake bugawa a littattafan tarihi. Amma babban aikinsa a Kano lissafi ne. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, in kuma lokacin ayari ya yi, daga Janairu zuwa Afrilu, su kai 60,000. Ya ce ƙarfin Kano yana cikin saƙa da rini, ya kuma ƙiyasta tufafin da ake fitarwa duk shekara a kan wuri miliyan 300, a lokacin da wuri 2,500 ke daidai da riyal guda ta azurfa. Ya bi sawun wannan tufa ya ga tana kaiwa Murzuk da Gat da Turabulus ta arewa, tana kaiwa Tambutu ta yamma har bakin tekun Atlantika. Ya lissafa goron Gwanja da ake shigowa da shi, da kanwa, da gishiri, da takalma da jan kirgi da ake fitarwa. Ya lissafa bayi ma, ya ce kimanin 5,000 ake fitarwa a shekara, kuma bai ɓoye ba.

Abin da ya fi burge shi shi ne cewa wannan sana'a ba a manyan masana'antu ake yin ta ba irin na Turai, inda ma'aikaci ke ƙarewa a wahala. A gida ake yin ta, mutum na nomansa yana saƙarsa. Duk ɗan kasuwar da ke ɗauko atamfa ko shadda daga waje ya kai Kantin Kwari a yau, ya dace ya san cewa akwai lokacin da kayan ke tafiya ta ɗaya hannun, Balaraben Gadamas ne ke zuwa Kano sarin riga.

Shekarun da suka biyo baya sai dai mu taƙaita. Ya isa Kukawa a watan Afrilun 1851, Shehu Umar ya karɓe shi hannu biyu. A watan Yuni ya kai inda kogin Binuwai ya haɗu da Faro, ya shiga Yola, Lamido Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki saboda ya zo da mutanen Barno. Ya bi Larabawan Aulad Sulaiman, waɗanda asalinsu daga nan yankin Fazzan suka yi ƙaura, zuwa Kanem. Ya kuma bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, inda ya ga harin kamun bayi da idonsa, ya ga yadda ake yanka manyan maza a kwashe mata da yara. Ya rubuta abin da ƙyama, amma gaskiya ita ce da ƙafarsa ya bi su, domin yana son ganin ƙasar. Wannan tabo ne a tarihinsa, kuma tun yana raye aka yi masa gori a kai a Ingila. A watan Satumban 1852 Overweg ya mutu a Maduwari, bakin Tafkin Chadi, ya bar shi shi kaɗai.

Maimakon ya juya gida, sai ya fuskanci yamma. Ya bi ta Damagaram da Katsina, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, wanda ya ba shi izinin wucewa da takardar amana ga 'yan kasuwar Ingila. A Wurno da Sakkwato ya zauna da malamai, ya karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. A Gwandu Sarki Halilu bai yarda ya gan shi ba, amma a can aka ara masa littafin Tarihus Sudan, ya kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya iya. Ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa shi, alhali na Abdurrahman Assa'adi ne, amma ta hannunsa Turai ta fara sanin cewa daular Songhai na da rubutaccen tarihi. A ganina nan ne ya bambanta da sauran matafiyan zamaninsa. Su sun zo suna auna koguna da duwatsu, shi kuwa har da tambayar malaman gari littafin da suke karantawa.

Ya ƙetare Kwara a Sayi, kuma da ya matso ƙasar da ba a son ganin Kirista sai ya ɓad da kama ya ce shi sharifi ne daga gabas mai kai wa Shehu littattafai. Ranar 7 ga Satumba, 1853 ya shiga Tambutu. Asirinsa bai daɗe ba ya tonu, mahukuntan Masina suka aiko a miƙa shi ko a kore shi. Shehu Ahmad Albakka'i na Kunta ya tsaya kai da fata cewa baƙonsa ne, ba mai taɓa shi, har ya fitar da shi zuwa zangonsa a bayan gari ya tara Buzaye su tsare shi. Sai a watan Mayun 1854 ya samu ya kama hanyar dawowa. Kafin nan labari ya bazu har Turai cewa ya mutu, an ma rubuta ta'aziyyarsa a jaridu. A farkon Disamba, cikin wani daji kusa da Bundi tsakanin Kano da Kukawa, ya yi kiciɓis da Eduard Vogel, Bajamushen da aka aiko ya haɗu da tawagarsa. Suka sauka suka sha gahawa, bayan kamar awa biyu kowa ya kama gabansa. Shi Vogel a Wadai aka kashe shi a 1856.

A 1855 ya biyo hanyar Bilma ya sake shiga Fazzan, ya huta a Murzuk, ya bi hanyar Sabha da Sokna, ya isa Turabulus a ƙarshen Agusta, bayan shekara biyar da wata biyar da tafiyar da ta haura kilomita 15,000. Bai sake ganin Tilizagen ba. Ya tafi Turai da samari biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega Bamargi da Dorugu, Bahaushen ƙasar Damagaram. Dorugu ne ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Daga baya ya dawo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Littafin tafiyar Barth ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci, shafi wajen 3,500, kuma a juzu'in farko aka buga zanen shanun Mesak. Bai yi kasuwa ba. Jama'a sun fi son labarin Livingstone mai daɗin karatu, nasa kuwa cike yake da sunayen garuruwa da zangon ayari da farashin kaya, wato ainihin abin da ya sa masana tarihinmu ke neman sa a yau. An ba shi lambobin yabo, amma halinsa na zafin rai da saurin zargi ya ɓata tsakaninsa da manyan Landan. A Barlin ma sai a 1863 aka ba shi kujerar farfesa, ita ma ba cikakkiya ba. Bai yi aure ba. Ya ci gaba da aikin tattara kalmomin Hausa da Barbarci da Fulatanci da sauransu, bai kammala ba ciwon ciki ya kashe shi ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44. Bayan shekaru kusan arba'in, da sojojin Ingila da Faransa suka shigo ƙasashen nan, littafinsa na cikin abin da ya nuna musu hanya, ko da yake shi da alƙalami ya zo. Algatruni kuwa ya ci gaba da sana'arsa, shi ne ya raka Gustav Nachtigal zuwa Tibesti a 1869.

Duwatsun kuma sai a 1932 wani Bajamushen, Leo Frobenius, ya zo da tawagar masu zane suka kwafi sassaƙen kwarurukan Mesak da yawa, ciki har da na Matkandush, inda kadan nan da raƙuman dawa suke, tafiyar yini guda a mota daga Jarma a je a dawo. A 1985 hukumar UNESCO ta sa zanen Akakus cikin kayan tarihin duniya. Masu neman man fetur sun tsaga saman Mesak da manyan motoci, wasu sassaƙen sun tsattsage. A 2009 wani ya bi wasu zanen Akakus ya fesa musu fenti, a 2016 kuma aka sa wurin cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda rikicin ƙasar. Masu yawon buɗe ido da a da ke sauka filin jirgin Sabha su ɗauki hayar mota da jagora sun ragu ƙwarai tun 2011, kuma da su aka rasa cinikin da masu sayar da takobi da zoben azurfa da jakar fata na Agadas ke yi a Jarma da Gat.